Komowar Barbara Windsor: Tarihin Wata 'Yar Wasan Kwaikwayo da Karin Harshenta

Cikin watan Nuwamba na shekarar 1994 masu kallon talabijin na BBC a Ingila suka ga wata gajeruwar mace mai shekara 57 ta shigo cikin wasan nan da a ke kira EastEnders, ta fito a Peggy Mitchell, uwar waɗansu ƙarti biyu masu taurin kai. Da wuya a sami wanda bai san fuskarta ba, gama shekara talatin kafin wannan ita ce yarinyar da ke ba ƙasar duka dariya a gidajen sinima. Amma an daɗe ba a gan ta cikin wani babban aiki ba. Bashi ya yi mata katutu, aurenta na biyu yana gab da mutuwa, mijinta na fari kuwa yana tsare yana jiran hukunci a kan kuɗin fashi. Sunanta Barbara Windsor. Jaridun ƙasar sun sha ba da labarinta a kan na wadda ta faɗi warwas sa'an nan ta miƙe farat ɗaya. Akwai gaskiya a ciki, amma in an bi al'amarin a hankali sai a ga ya fi haka zurfi, musamman ga mai nazarin harshe, domin abin da ya danne ta da abin da ya ɗaga ta duk abu guda ne, watau irin Ingilishin da ke bakinta.

Asalin wasan

Kafin a shiga labarinta ya kamata a san irin wasan da ya komo da ita. A Amurka ya samo asali, a rediyo. Cikin 1930 wata malamar makaranta mai suna Irna Phillips ta soma rubuta wa wata tasha a Shikago wani wasa da a ke sa kaɗan kaɗan ko wace rana, sunansa Painted Dreams. Kamfanonin sabulu suka lura matan aure ne ke zaune gida da rana suna saurare, su ne kuwa masu sayen sabulu, sai suka shiga biyan kuɗin irin waɗannan wasanni don a riƙa tallar kayansu a ciki. Cikin 1933 kamfanin Procter & Gamble ya ɗauki nauyin Ma Perkins don tallar garin sabulun Oxydol. Daga nan aka laƙaba wa wasan sunan da ya haɗa sabulu da "opera", watau wasan waƙe na manyan attajirai. Sunan ba'a ne tun asali, kamar a ce da ɗan tireda "sarkin kasuwa". Hausa ba ta ari wannan ba'a ba; ta ce "wasan kwaikwayo mai dogon zango", kamar Daɗin Kowa da tashar Arewa24 ta fito da shi. Sunan na Hausa ya fi bayyana siffar abin, ko da ya ke shi ma bai cika ba, gama zango komai tsawonsa yana da masauki, shi kuwa wannan wasa ba a shirya masa ƙarshe. Guiding Light ya fara a rediyo cikin 1937, ya koma talabijin, bai tsaya ba sai 2009.

Da abin ya ƙetara Ingila sai ya sake kama. BBC ba ta talla, saboda haka sabulun ya fita, sunan ya rage. The Archers ya soma yaɗuwa ƙasar duka a rediyo cikin 1951, Coronation Street kuwa a talabijin na Granada cikin Disamba 1960. Na Amurka galibi labarin likitoci ne da lauyoyi da masu hali. Na Ingila labarin unguwar talakawa ne, ana magana da karin harshen unguwar, a tsakiyar unguwar kuma akwai mashaya inda kowa ke haɗuwa da maraice. Abin lura a nan shi ne, ginshiƙin irin wannan wasa mace ce mai manyanta, uwa ko kaka, mai kaifin baki. A sinima macen da ta kai hamsin sai ta yi ta jiran aikin da ba ya zuwa. A wasa mai dogon zango kuwa ba a iya yi sai da ita.

Yarinyar Shoreditch

An haifi Barbara Ann Deeks ran 6 ga Agusta 1937 a Shoreditch, cikin gabashin Landan, ita kaɗai ce wurin iyayenta. Ubanta John ma'aikacin bas ne, uwarta Rose tela ce. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka kwashe yaran Landan saboda bama-baman Jamus, ita aka kai ta Blackpool, can ta soma koyon rawa. Da ta komo uwarta ta sa ta makarantar wasa ta Aida Foster, ta kuma biya kuɗi a gyara mata lafazi.

Wannan gyaran lafazi yana bukatar bayani, don mai karatu Bahaushe zai iya zaton ƙaramin abu ne. A ƙasar Hausa karin harshe garin mutum ya ke nunawa: in an ji Sakkwatanci an san Basakkwace ne, sarki ne ko talaka. A Ingila kuwa lafazi yana nuna gari, yana kuma nuna matsayi. Akwai lafazin masu ilmi da sarauta, wanda Daniel Jones ya tsara cikin ƙamusunsa na 1917, BBC kuma ta riƙe shi shekaru da yawa. Akwai na talakawan gabashin Landan, waɗanda a ke kira Kokni. Bisa al'ada, Kokni na ainihi shi ne wanda aka haifa inda a ke jin ƙararrawar majami'ar St Mary-le-Bow. Alamomin maganarsu sanannu ne. Suna yar da h a farkon kalma. Suna mai da th ya zama f ko v, har think ta koma fink. T na tsakiyar kalma kuwa su kan maye gurbinsa da hamza, irin wadda ke cikin "sa'a" da "ba'a", har kalmar water ta fito kamar wo'a. Ga Bahaushe hamza baƙi ce cikakkiya mai daraja kamar sauran baƙaƙe. Ga malamin makarantar Ingila na wancan zamani alamar rashin tarbiyya ce. Wasan Bernard Shaw mai suna Pygmalion, na 1913, a kan wannan aka gina shi ɗungum: yarinya mai tallar furanni da aka sake wa lafazi har ta shiga cikin manya. Abin da Rose Deeks ta so wa 'yarta ke nan.

Bai samu ba. Yarinyar ta iya lafazin manya in ta ga dama, amma tsawonta bai kai ƙafa biyar ba, muryarta siririya ce mai kaifi, dariyarta kuma irin ta 'yan kasuwar Landan. Tana da shekara 15 ta shiga sahun 'yan amshi cikin wasan waƙe na Love from Judy a manyan gidajen wasa na yammacin Landan. Wajen lokacin nan ne auren iyayenta ya mutu, aka kira ta kotu ta ba da shaida, shaidar ta zama a kan ubanta. Shi kuwa ya yanke hulɗa da ita. Ta sha faɗi daga baya cewa wannan rauni bai warke ba. Cikin 1953, shekarar da aka naɗa Sarauniya Elizabeth, ta ajiye sunan Deeks ta ɗauki Windsor, sunan gidan sarauta.

Wadda ta fara gane abin da ke gare ta ita ce Joan Littlewood, shugabar ƙungiyar Theatre Workshop a Stratford ta gabashin Landan. Littlewood mace ce mai ra'ayin talakawa, ta ƙudura sai an ji muryarsu a kan dandamali yadda ta ke, ba kwaskwarima. Ta sa Barbara cikin wasan waƙe na Lionel Bart mai suna Fings Ain't Wot They Used T'Be, wanda ya koma gidan wasa na Garrick cikin 1960 ya daɗe ana yinsa. Sunan wasan kansa da rubutun Kokni aka rubuta shi, fings a maimakon things. Cikin 1963 Littlewood ta ba ta babban matsayi cikin fim ɗin Sparrows Can't Sing. Asalin sunan a dandamali Sparrers ne. Masu fim suka gyara rubutun, amma ba su iya gyara bakin 'yan wasan ba, har da aka kai shi Niyok sai da aka sa rubutu a ƙasan majigi don Amurkawa su fahimci Ingilishin. A kan wannan fim aka sa sunanta cikin masu takarar lambar BAFTA. Ta bi Littlewood zuwa Niyok da wasan Oh, What a Lovely War!, cikin 1965 kuma aka sa ta cikin masu takarar lambar Tony. Ya kamata a riƙe waɗannan biyu, domin daga baya an manta da su sarai, har mutane suka riƙa mamaki wai ashe ta iya wasa.

Shekarun dariya

Cikin 1964 abu biyu suka faru waɗanda suka bi ta har ƙarshen ranta. Ta shiga jerin finafinan barkwanci na Carry On, ta kuma auri Ronnie Knight.

Finafinan Carry On guda 31 ne, daga 1958 zuwa 1992, Peter Rogers ke shiryawa, Gerald Thomas ke ba da umarni, a ma'aikatar fim ta Pinewood. Da kuɗi kaɗan a ke yinsu cikin 'yan makonni, dariyarsu kuwa ta habaici ce da magana mai harshen damo. Barbara ta fito cikin tara kawai, daga Carry On Spying na 1964 zuwa Carry On Dick na 1974, amma yawancin mutane sun ɗauka tana cikinsu duka. Kusan ko yaushe abu guda ta ke fitowa: yarinya mai farin gashi, mai rawar kai, wadda maza ke bi suna tuntuɓe. Carry On Camping, na 1969, shi ya fi ko wane fim ciniki a Ingila cikin wannan shekara, a cikinsa ne kuma akwai wurin nan da rigarta ta ciki ta tsinke tana motsa jiki. Daƙiƙa kaɗan ne, amma an yi ta maimaita shi a talabijin shekara da shekaru, har ya rufe duk abin da ta yi da Littlewood. Ta haura talatin sa'ad da aka ɗauke shi, tana fitowa a 'yar makaranta.

Ba a yi arziki da waɗannan finafinai ba, sai dai masu su. Manyan 'yan wasa maza irin su Kenneth Williams fam 5,000 a ke ba su ko wane fim, mata ƙasa da haka, ba kuwa wanda ke da rabo in an sake nunawa. Watau suna ya yi yawa, aljihu babu komai. Ga kuma wata hasara wadda ta fi ta kuɗi. A wasannin Hausa an san yadda mai kwaikwayon gwaranci ko Hausar baƙi ke zama abin dariya tun bai gama buɗe baki ba, in ya daɗe yana yi kuwa ba mai sake ba shi matsayin alƙali ko malami. Haka lafazin Kokni ya ke a sinimar Ingila ta lokacin: na bara ne, da ɓarawo, da mai ba da dariya. Ta yi ƙoƙarin fita. Ta fito a Marie Lloyd cikin Sing a Rude Song a 1970, ta yi The Threepenny Opera tare da Vanessa Redgrave a 1972, cikin 1981 kuma Kenneth Williams ya sa ta cikin Entertaining Mr Sloane na Joe Orton. Duk da haka jama'a ba su sake ra'ayi ba. Yarinyar Carry On su ke so, yarinya kuwa ba ta dawwama yarinya.

Ronnie Knight mai gidajen rawa ne a Landan, abokin hulɗar manyan 'yan ta'addan birnin, har da tagwayen nan Ronnie da Reggie Kray waɗanda aka ɗaure rai da rai cikin 1969. Ita ma ta san su ƙwarai, ba ta kuwa taɓa ɓoyewa ba. Cikin 1970 wani mai suna Alfredo Zomparelli ya kashe ƙanen Knight. Cikin 1974 aka harbe Zomparelli. Aka gurfanar da Knight a kotun Old Bailey cikin 1980 bisa tuhumar kisan, matarsa ta tsaya masa a gaban duniya, aka sallame shi. Bayan shekaru shi da kansa ya rubuta cikin littafi cewa ya biya a yi kisan. Cikin Afrilu 1983 aka yi fashin kusan fam miliyan 6 a ma'ajin kamfanin Security Express, a Shoreditch, unguwar da aka haife ta. Farkon 1984 Knight ya gudu Sifen, gama a lokacin babu yarjejeniyar miƙa masu laifi tsakanin ƙasashen biyu. Ta ƙare cikin 1978, ba a sabunta ba sai 1985. Cikin 1985 ɗin auren ya mutu.

Cikin 1986 ta auri Stephen Hollings, mai sana'ar dafa abinci, suka buɗe mashaya da gidan abinci mai suna The Plough kusa da Amersham. Kasuwa ta karye a ƙasar farkon shekarun 1990, ta karye da su. Bashin da ya hau kanta an ƙiyasta shi wajen fam miliyan 1.

A nan ne labarin jaridu ya kauce. Sun nuna kamar ta ɓace ne aka tono ta. Alhali ba ta taɓa daina aiki ba. Ko wace Kirsimeti tana cikin wasannin barkwanci da a kan yi wa yara a garuruwan lardi, da bazara tana gidajen wasa na bakin teku, tsakani kuma tana yawon gari gari da wasan mutum ɗaya tana ba da labarin kanta. Cikin 1993 ma ta sake zagaya ƙasar da Entertaining Mr Sloane. Aiki ne mai gajiyarwa, marar daraja a idon masu sharhi na Landan, amma shi ya riƙe mata sana'a a hannu, shi ya sa kuma jikokin waɗanda suka kalle ta a 1964 suka san ta ido da ido. Da ƙofa ta buɗe, a shirye aka same ta.

Peggy Mitchell

EastEnders ya fara ran 19 ga Fabrairu 1985. Julia Smith da Tony Holland suka ƙago shi don BBC ta sami abin karawa da Coronation Street. Sun ƙirƙiro unguwa mai suna Walford a gabashin Landan, da dandali mai suna Albert Square, da mashaya mai suna Queen Victoria. A Elstree a ke ɗaukarsa. Ya karɓu nan da nan: kashin ranar Kirsimeti ta 1986 mutum fiye da miliyan 30 suka kalla, in an haɗa da maimaici. Ga wasa an gina shi kacokan a kan lafazin Kokni, ga mace wadda ƙasar duka ta sani da wannan lafazi tana neman aiki, amma shekara tara ba a kira ta ba. Dalili kuwa shi ne masu wasan sun fi son baƙin fuskoki, don mai kallo ya gaskata mutanen unguwa ya ke gani. Sunan da ta yi shi ya tare mata hanya.

Cikin 1994 abubuwa suka sake. Daga watan Afrilu aka mai da wasan sau uku a mako maimakon biyu, aka bukaci ƙarin mutane masu iya ɗaukar labari. Jigon wasan a lokacin 'yan'uwa biyu ne, Phil da Grant Mitchell, waɗanda Steve McFadden da Ross Kemp ke fitowa a su, masu aske kai, masu saurin hannu. Cikin Oktoba Grant ya gane matarsa Sharon ta ci amanarsa da wansa, ya yi wa Phil dukan da ya kai shi asibiti. Labari ya kai inda sai uwa ta shigo. An taɓa nuna wannan uwa 'yan kwanaki cikin 1991, wata mai suna Jo Warne ta fito a ita, ba ta zauna ba. Wannan karo aka kira Barbara Windsor.

In an duba da kyau, duk abin da a da a ke gani aibu ne gare ta, a nan ya zama jari. Lafazin da aka biya kuɗi a kankare shi ne a ke nema. Shekarun da suka hana ta aikin sinima su ne daidai na uwar ƙarti. Ƙanƙantarta ma ta yi amfani, gama ba abin da ke kama ido kamar 'yar mitsitsiyar mace ta daka wa ƙato tsawa ya sunkuyar da kai. Ta san aikin mashaya da hannunta, ta san yadda a ke karyewa a cikinsa. Sa'an nan ga wanda ya fi duka nauyi, ko da ya ke ba mai daɗin faɗi ba ne: masu kallo sun san wace ce ta aura. Knight ya komo Ingila cikin 1994 aka kama shi, cikin Janairu 1995 aka ɗaure shi shekara bakwai bayan ya amsa laifin karɓar wani kashi na kuɗin fashin nan. Watau a makonnin da Peggy ke kare 'ya'yanta a talabijin ko sun yi laifi ko ba su yi ba, jaridu na ɗauke da hoton tsohon mijin mai fitowa a Peggy a hannun 'yan sanda. Ita kanta ta ce Violet Kray, uwar tagwayen, na cikin matan da ta duba wajen gina halin Peggy. Lalle a nan akwai abin zargi, gama jama'ar Ingila sun daɗe suna yi wa 'yan ta'addan gabashin Landan kallon jarumai, sun manta da waɗanda aka kashe, wasan kuwa ya ci moriyar wannan kallo, ita ma ta ci.

Ba za a ce gwanintarta mai faɗi ba ce. Wasan dandamali ta saba da shi, inda a ke ɗaga murya don na baya ya ji, kyamarar talabijin kuwa a kan hanci ta ke, tana tona duk abin da ya yi yawa. Wanda ya kalli fitowarta ta farkon watanni zai ga wannan. Abin da ya zaunar da ita labari biyu ne da suka zo a jere cikin 1996. Na farko, Peggy ta ji maƙwabcinta Mark Fowler yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, ta tsangwame shi, ta zuga unguwa a kansa. Aka ga yarinyar dariya ta zama abin ƙi, ba ta kuwa sassauta don a so ta ba. Bayan 'yan watanni aka sami ciwon daji a nonon Peggy, mai tsangwama ta ɗanɗani tsoron da ta jefa wani a ciki. Ciwon ya komo cikin 1999 aka yanke nonon. Mai kallon Ingila ba ya iya ganin wannan bai tuna da Carry On Camping ba: jikin da aka yi shekara talatin ana yi wa dariya shi ne yau a gadon asibiti. Ba marubucin da zai iya rubuta wannan nauyi cikin takarda. Tarihin 'yar wasan ne ya kawo shi. Cikin 1999 aka ba ta lambar gwanar mata a bikin British Soap Awards.

Sauran ya zo da sauri. Ta biya bashinta. Cikin 2000 aka ba ta lambar MBE, ta fitar da tarihin rayuwarta mai suna All of Me, ta kuma auri Scott Mitchell, wanda ta girma da shekara fiye da 25. Sunansa ya zo ɗaya da na Peggy bisa katari kawai. Cikin Nuwamba na shekarar ne aka nuna daren da Peggy ta karanta wasiƙar mijinta Frank Butcher a gaban mashaya cike da mutane, ta tona amanar da ya ci da Pat, ta mare su duka biyu. Cikin Nuwamba 2001 Sarauniya Elizabeth ta ziyarci Elstree, mai aron sunan Windsor ta zagaya da mai sunan na gado har bayan kantar Queen Victoria.

Komowa ta biyu da ta ƙarshe

Cikin 2003 ciwo ya kwantar da ita. Ƙwayar cutar Epstein-Barr ce, wadda aka gano cikin 1964 a Landan daga samfurin wani ciwon daji na yara da Denis Burkitt ya yi nazari a Kampala ta Yuganda. Yawancin mutane suna ɗauke da ita ba su sani ba, amma wani ta kan bar shi da gajiya wadda barci ba ya magani. A lokacin wasan ya zama sau huɗu a mako, aikin da ko matashi sai ya yi da gaske, ita kuwa tana da shekara 65. Ta yi wajen shekara biyu ba ta aiki, in ban da 'yar leƙowa cikin 2004 don bikin Sam, 'yar Peggy. A nan siffar wasan ta yi mata rana. Da fim ne, da an ba wata. A wasa mai dogon zango sai a ce Peggy ta yi tafiya, a bar mata ɗakinta. Ta komo sosai cikin 2005, ta ƙara shekara biyar. Cikin Satumba 2010 Phil ya sa wa mashayar wuta, Peggy ta fita daga dandalin a ƙasa, ita kaɗai.

Ta leƙo sau ɗaya ɗaya cikin 2013 da 2014 da 2015. Abin da masu kallo ba su sani ba, cikin 2014 likitoci sun tabbatar tana da cutar Alzheimer, mai cinye tunani sannu sannu. Ga wadda sana'arta haddar magana ce, ba a bukatar a bayyana abin da wannan ke nufi. Cikin 2016 aka ba ta sarautar Dame saboda hidimar agaji da wasa, cikin shekarar kuma ta komo don a rufe labarin Peggy. Aka rubuta cewa ciwon daji ya komo ya bazu, Peggy ta ƙi jiran ya gama da ita, ta kashe kanta da magani. An nuna wannan ran 17 ga Mayu 2016, ya kuwa jawo muhawara, gama waɗansu sun ga bai kamata a nuna irin wannan mutuwa kamar mafita ba. Sai cikin Mayu 2018, da mijinta ya bayyana ciwonta, mutane suka gane da wane hali ta yi wannan wasa.

Daga nan sunanta ya koma na yaƙi da cutar mantuwa. Cikin Afrilu 2019 mijinta da waɗansu abokan aikinta na EastEnders suka yi gudun dogon zango na Landan don tara kuɗin bincike. Cikin Satumba ita da shi suka kai wa Firayim Minista Boris Johnson takardar koke mai sa hannun mutum 100,000 a kan kula da masu wannan ciwo. Shekara goma kafin nan, yana Magajin Garin Landan, ya taɓa shigowa cikin wasan ya tsaya gaban kantar Peggy. Cikin 2020 ciwo ya yi tsanani aka kai ta gidan jinya a Landan, ta rasu can ran 10 ga Disamba, tana da shekara 83. Saboda dokar annobar korona mutane kaɗan ne suka halarci jana'izarta a Golders Green cikin Janairu 2021. Cikin Agusta 2022 gwamnatin Birtaniya ta kafa wani shirin binciken cutar mantuwa ta sa masa sunanta.